Kafin Waya Ta Tashe Ka Cikin Dare: Yadda Ake Tallafa wa Mai Jego da Jaririnta a Asibiti

Shekarar da muka fara wannan aiki mu bakwai ne, 'yan unguwa ɗaya, kuma kunya muka kwaso. Cikin azumi muka yi karo-karo, muka sayi atamfa da sabulu da omo da madarar gwangwani ta jarirai, muka ɗaure ƙulli-ƙulli, muka nufi ɗakin haihuwa na wani asibiti a yankinmu da hantsi. Malamar da ke riƙe da ɗakin ta yi mana godiya, ta tsame madarar ta ajiye gefe, sannan ta dubi babbanmu.

"Baba, Allah ya saka da alheri," in ji ta. "Amma da kun tambaye ni, da na ce ku kawo mini maza uku masu lafiya a ɗebi jininsu. Wadda ta fi kowa bukatarku ta cika tun shekaranjiya da asuba."

Babu wanda ya iya amsa mata. Abin da zan faɗa a nan duk daga wannan magana ya tsiro: matar da haihuwa ta zo wa da gardama, da jaririn da ya zo da rauni, lissafinsu na sa'o'i ne. Taimakon da zai amfane su shi ne wanda aka shirya tun kafin a san sunansu.

Mutanen yankinmu na gabashin Sakkwato ba sa bukatar a koya musu kyauta. Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ce, can aka binne shi a 1837. Rabah mahaifar Sardauna Ahmadu Bello ce. Goronyo kuwa ga dam a kan gulbin Rima, ga fadamar da ke ba da shinkafa da albasa da tafarnuwa. Abin da ya sauya shi ne hanya. Tun harin Tabanni a 2018, wanda ya kwararo da mutane zuwa Gandi, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, dare ya zama ba na tafiya ba a ƙauyuka da yawa. Mace ta fara zubar da jini bayan isha'i, a zauna jiran gari ya waye. In an iso asibiti an iso a makare, wani lokaci babu miji, babu akuyar sayarwa, babu damin hatsi a rumbu, domin rumbun ma an baro shi. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi shekaru tana taimaka wa mata da yara a asibitin Goronyo, ta tattara a 2013. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da ke mutuwa wajen haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne. Wannan shi ne filin da mai niyyar taimako zai shiga.

Fara da sallama

Asibiti gida ne mai masu shi. Kafin ka sayi ko allura, je ka ga shugaban asibitin, ka gabatar da kanku, ka nemi ya haɗa ku da babbar malamar ɗakin haihuwa da mai kula da ɗakin gwajin jini. Tambaya ɗaya za ka yi musu: a watan da ya wuce, me ya fi sa ku tsaya jiran dangin mara lafiya alhali kun san abin yi? Amsar ita ce jerin sayayyarku. Sanar da uban ƙasa da limamin Juma'a ma yana da amfani, don ranar da za ku nemi masu ba da jini, bakinsu ya fi naku kaiwa nesa.

Dole a sami mata a cikin tafiyar, aƙalla biyu, dattijai masu riƙe sirri. Namiji iyakarsa bakin ƙofa da kantin magani. Mace ce za ta zauna gefen gado ta lura cewa wannan yarinyar zani ɗaya gare ta, ko waccan tsohuwar da ke jinyar ɗiyarta tun jiya ruwa kawai take sha. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar da Nana Asma'u ta kafa 'Yan Taru, jajinta, wato malamanta mata, suna ratsa ƙauyuka da ilimi tun ƙarni na 19.

Jini

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi asara, kuma a nan talaka ma yake da abin bayarwa.

Zubar jini bayan haihuwa yana iya kashe mace mai ƙarfi cikin sa'o'i biyu. Matanmu da yawa kuma suna shiga naƙuda da ƙarancin jini tun asali, saboda zazzaɓin cizon sauro da rashin abinci mai gina jiki da haihuwa kusa-kusa. Yadda aka saba shi ne likita ya ce a kawo leda biyu, dangi su bazama, a gwada wannan bai dace ba, wancan ya ce yana jin jiri, miji ya ce shi manomi ne in aka ɗiba ba zai iya huɗa ba. Kafin a daidaita, rana ta yi nisa.

Maganin wannan matsala littafi ne. Ku tara maza ashirin ko talatin da ke kwana cikin gari, kusa da asibiti: 'yan acaɓa, malaman makaranta, mahauta, ɗalibai, 'yan agajin masallaci. Ku sa rana tare da ɗakin gwaji a duba rukunin jinin kowa, a rubuta suna da rukuni da lambar waya da unguwa. Wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, kuma yana da lafiya, yana iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, jiki yana mayar da shi, namiji kuma yana iya sake bayarwa bayan wata uku. Shi ya sa ake rubuta ranar da kowa ya bayar, kada a riƙa komawa kan mutum ɗaya mai saurin amsa waya. Masu rukunin O mai alamar ragi ku ja layi ƙarƙashin sunansu, ba su da yawa, kuma jininsu yana shiga kusan kowa.

Kwafi ɗaya na littafin ya zauna wurin mai gwajin jini, ɗaya wurin wanda ke riƙe da wayar ƙungiya a makon. Ana gwada kowane jini don ƙanjamau da ciwon hanta da tunjere. In aka ce na wani bai yi ba, magana ce tsakaninsa da likita, ku ba ruwanku da dalili, kuma kada ku bari ta zama hirar majalisa. In ta zama, gobe babu mai sake miƙa hannu.

Ku tuna jinin kyauta ne amma ledar da gwajin da kuɗi ake yin su. Asusunku ya ɗauki wannan, ya ɗauki shayi da burodin wanda ya bayar da kuɗin mashin ɗinsa. Kada ku biya shi kuɗin jini. Da zarar ya zama ciniki, waɗanda bai kamata su bayar ba ne za su fi zuwa.

Akwai wani abu mai araha da ya cancanci ku tambaya ko ɗakin haihuwa yana da shi: shimfiɗar leda mai aljihu da ma'auni, wadda ake sa wa a ƙarƙashin mace bayan ta haihu, jinin ya taru a ga yawansa da ido maimakon kintace. A babban binciken da aka fitar a 2023, wanda aka yi a asibitocin Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Nijeriya, an ga cewa wannan leda tare da ba da magunguna gaba ɗaya ba ɗaya bayan ɗaya ba ta rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari. In malamai sun ce sun iya aiki da ita kuma babu, kuɗin atamfa goma ya tafi can.

Kuɗi da magani

Kada ku yi likitanci. Abin da likita ya rubuta shi za ku biya. Hanyar da ta fi yi mana aiki ita ce ajiye kuɗi a kantin magani na asibitin, ko wani amintaccen kanti da ke buɗewa da dare, da sharaɗin cewa duk takardar da babbar malama ta sa wa hannu a ba da maganin nan take, a yi lissafi ranar Asabar. Da haka babu mai jiran ma'aji ya farka.

Magungunan gaggawa na haihuwa sanannu ne, kuma yawanci ba su da tsada in aka kwatanta da ran da suke ceta: allurar oksitosin da ƙwayar misofrostol don tsayar da jini, allurar taranezamik wadda amfaninta yake cikin sa'o'i uku na farko, da maganiziyam salfet na jijjiga, sai ƙarin ruwa da safar hannu da zaren ɗinki. Oksitosin dai sanyi take so. Wadda ta yi wata a kan teburin kanti cikin zafin Sakkwato na watan Afrilu tana iya rage ƙarfi, don haka a saya inda ake ajiye ta a firji. Jihar Sakkwato ta fara rabon misofrostol da man cibiya a unguwanni tun 2013, saboda haka tsofaffin ungozomomi da yawa sun san su.

Kafin ku buɗe asusu, ku ƙwanƙwasa ƙofofin da ke akwai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi duba mara lafiya na gaggawa. A watan Nuwamba na 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da yi wa mata marasa ƙarfi aikin fiɗar haihuwa kyauta, amma a asibitocin da aka zaɓa ne, don haka ku tambaya ko naku yana ciki, in ba ya ciki wanne ne mafi kusa. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jihar ma tana taimaka wa marasa lafiya mabukata. Wanda ya iya cika takarda da bin ofis a cikinku, shi ma sadakarsa ke nan.

A raba jakar zakka da ta sadaka. Zakka tana da masu ita, kuma matar da ba ta da abin biyan magani, ko magidancin da bashin asibiti ya danne, suna cikinsu. Amma sayen fitila ko batirin sola ko gyaran janareta, malamanmu da yawa za su ce a yi shi da sadaka ko waƙafi. Ku je wurin malaminku da wannan tambaya tun farko. Lokacin tara kuɗi kuwa shi ne kaka da lokacin cire albasa, sa'ad da hannun manomi yake da danshi. Buhun shinkafa ma karɓaɓɓe ne. Mutum biyu su sa hannu kafin a fitar da kuɗi, a karanta lissafi a gaban kowa duk wata, ba tare da sunan waɗanda aka taimaka wa ba.

Mota

Wani ciwon ya fi ƙarfin asibitin ƙaramar hukuma, sai an wuce Sakkwato: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ko Asibitin Ƙwararru, ko na mata da yara na Maryam Abacha. Ku je tasha ku yi magana da shugabannin direbobi, a samo mutum biyu ko uku da suka yarda a tashe su, a daidaita kuɗi tun da rana tsaka, domin cinikin da aka yi ƙarfe biyun dare kan mace mai zubar da jini ba ciniki ba ne. A wasu jihohin Arewa ƙungiyar direbobi ta daɗe tana irin wannan aiki. A ajiye galan na mai wurin amintacce. Kada mota ta tashi sai da takardar turawa daga likita, da kiran waya zuwa can a ce ga mu nan, da mai ba da jini ɗaya a kujerar gaba. Jariri kuma a ƙirjin uwarsa ko kakarsa zai yi tafiyar, a lulluɓe, ko da ana zafi. Batun ko hanya tana biyuwa da dare, direba da jami'an tsaro ne ke da ta cewa. Kada ƙwazo ya sa ku ƙara gawa a kan gawa.

Jaririn

Jariri mai rauni abokan gabansa uku ne: sanyi, yunwa, da ƙwayoyin cuta. Bakwaini, ko wanda nauyinsa bai kai kilo biyu da rabi ba, jikinsa ba ya riƙe ɗumi, balle cikin hunturu. Kowa ya san kwalbar da ake saka su, amma kwalba tana son wutar da ba ta yankewa. A Bogota ta ƙasar Kolombiya, a 1978, ƙarancin kwalabe ya sa likitoci suka fara ɗora bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure da zani, kuma yau Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa a fara hakan tun daga haihuwa. Goyo ne aka juyo da shi gaba. Abin da ake bukata daga gare ku zani mai laushi, hula, safa, riga mai buɗewa ta gaba, da matashin jingina. Sai kuma wanda zai karɓi uwar ta yi salla ta ci abinci, kaka ko gwaggo, har uban ma in ya cire kunya.

Madarar gwangwani da aka tsame mana, daga baya na gane dalili. Inda ruwa ba tabbas, bulumboti ba ya wankuwa da kyau, kuma gwangwani na biyu babu mai saya, madara gudawa take jawowa, nono kuma ya ƙafe. Sai in likita ya rubuta, misali ga jaririn da uwarsa ta rasu, kuma in kun ɗauki wannan ku san ɗawainiyar watanni ce. Dakashi, wato ruwan nono na farko da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafin jariri na farko. Dattijuwar ƙungiyarku ta fi kowa iya gaya wa uwar miji wannan: "Yaya, a bar shi ya sha, malamai sun ce magani ne."

Shawara, in idon jariri da fatarsa suka yi ɗorawa, musamman a kwana ɗaya ko biyu na farko, ba ta jiƙo ba ce kuma shanya shi a hantsi ba ya wadatarwa. Fitila ce ta musamman mai shuɗin haske ake sa shi ƙarƙashinta, in an makara tana taɓa ƙwaƙwalwa. In Allah ya hore muku babban kuɗi sau ɗaya, wannan fitila da batirin da zai riƙe ta su ne shawarata, bayan an tambayi asibiti wa zai kula da ita. Kada ku sa kafur cikin kayan jariri da kuke rabawa, yana tayar da shawara ga wasu yara. Man cibiya na kulohezidin ya shiga ƙullin, da gargaɗi da babbar murya cewa na cibiya ne kaɗai: an taɓa ɗiga shi a idon jarirai a ƙasar nan bisa kuskure, suka makance.

Wadda ba za ta roƙa ba

Mafi bukata sau da yawa ita ce mafi shiru. Yarinya mai haihuwar fari kunya ba za ta bar ta ta ce tana jin yunwa ba. 'Yar gudun hijira ba ta da mai kawo mata kula daga gida. Asibitocinmu kuma dangi ne ke ciyar da mara lafiya. Na ga matar da ta nemi sallama da jariri bai warke ba, ba don kuɗin magani ba, sai don tsohuwar da ke jinyarta ta kwana biyu ba ta ci ba, ga yara huɗu an baro wa maƙwabta. Saboda haka abinci na mutum biyu ake kaiwa: kunu mai zafi a filas da safe, tuwo da miyar ganye da ɗan nama ko kifi ko wake da dare. A raba kwanakin mako tsakanin gidaje, ya fi a ɗora wa gida ɗaya. Audugar mata, sabulu, bokiti, cocila da gidan sauro su ne sauran.

Yadda ake bayarwa ma sana'a ce. Kada a tsaya tsakiyar ɗaki a kira suna. A zauna, a yi barka, a tambayi jiki. "Inna, ya mai jikin? Ga wannan a sa wa jinjiri albarka." Shi ke nan. Maigida kuma a ja shi gefe a ce an riga an biya, kada a sa shi godiya a gaban surukansa. Hoto kuwa, ra'ayina a bar shi gaba ɗaya. Matar da ke kwance da robar fitsari ba ta da bakin cewa a'a ga wanda ya biya mata magani, don haka izininta ba izini ba ne. Masu ba ku kuɗi ku nuna musu rasit.

A kowane ɗakin haihuwa akwai gadon da babu jariri a gefensa. Masu ƙullin barka sukan tsallake shi don ba su san abin faɗa ba. Ku tsaya ku yi mata gaisuwa, ku cire kayan jariri daga nata ƙullin tun a waje. Ita ce kuma ta fi shiga haɗarin yoyon fitsari in doguwar naƙuda ta yi. In bayan kwanaki ta ce fitsari yana zubo mata, a gaya mata ana gyarawa, asibitin Maryam Abacha yana da sashen wannan aiki, kuma ku biya mata mota.

Bayan sallama

Ku karɓi lambar wayar wani na gidan da sunan ƙauyen, a wata takarda daban da ba ta yawo. A kira a kwana na uku, a sake kira kafin suna. Ga uwa a tambayi zazzaɓi, jini mai yawa ko mai wari, ciwon kai mai tsanani, kumburin ƙafa, da haki in ta kwanta. Wannan na ƙarshe kada a ɗauke shi gajiyar jego: ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa a ƙasar Hausa, likitocin Zariya da Sakkwato da Kano sun daɗe suna rubutu a kansa. Wadda ta yi hawan jini ko aka yi wa aiki, a tambayi likita kafin a fara mata wankan jego da kunun kanwa. Ga jariri a tambaya ko yana kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko numfashinsa na sauri ne, ko cibiya ta yi ja. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa a ce su taso yau, kuma a gaya musu kuɗin motar yana wurin direba wane a tasha.